Me ya haɗa Ford da filogin Tesla?

Tambaya: Malam, na ji kamfanonin Ford da General Motors sun koma cajin motocinsu masu lantarki a tashoshin Tesla a Amurka. Ba kishiyoyi ba ne a kasuwa? Me ya haɗa su?

Amsa: Lissafi ne ya haɗa su, ɗan'uwa. Akwai fannin da masana tattalin arziki ke kira nazarin wasa, wanda John Nash ya ci lambar Nobel a kansa a 1994. Yana duba yadda za ka yanke shawara alhali ribarka ta rataya a kan abin da abokin hamayyarka zai yi. Ɗauki mafarauta biyu. In suka haɗa kai suka tare barewa, kowa ya koma gida da nama. In ɗaya ya zame ya bi zomo, ya samu ɗan na miya, ɗayan kuwa ya dawo hannu rabbana.

Kafin 2023 kowa zomonsa yake bi. Direban Ford, batiri ya kusa mutuwa, zai tsaya gaban cajar Tesla, ga wuta, amma bakin filogin ya ƙi shiga motarsa. Tesla da nasa filogin, yawancin sauran kamfanoni na kan wani iri mai suna CCS, motar Nissan Leaf kuma wani daban mai suna CHAdeMO. Mai niyyar sayen mota ya ga wannan wahala, sai ya koma wa fetur abinsa. Asarar ta shafi kowa.

A Nuwamba 2022 Tesla ya saki zanen filoginsa, ya raɗa masa suna NACS. Ford ya amsa a Mayu 2023, ya samu damar amfani da cajar Tesla sama da 12,000 da bai gina ba. General Motors ya biyo a Yuni. Da manya biyu suka tafi, wanda ya tsaya shi zai ji jiki, shi ya sa saura suka yi ta tururuwa. Tesla ma ba sadaka ya yi ba: cajar da ke zaune babu mota asara ce, ga kuma tallafin gwamnati na dala biliyan 7.5 da aka sharɗanta a buɗe wa kowa.

Sai dai amanar ragaggiya ce. A Yulin 2023 kamfanoni bakwai, har da General Motors ɗin, da Honda da Hyundai, suka haɗa jari don gina caja 30,000 nasu na kansu, kamfanin da yanzu ake kira Ionna. Ba wanda ke son wata rana Tesla ya ƙara kuɗin caji ya tarar ba shi da wurin zuwa.