Filin Tambayi Injiniya: Injin Honda zai tashi da jirgina?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni bakanike ne a Farin Gada nan Jos, na jima ina haɗa ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu da zanen da na saya ta intanet, yanzu na zo kan inji na cije. Zanen ya ce a sa Rotax 912 amma da na ji kuɗinsa da dala sai da na nemi wuri na zauna. Ina da injin Honda Fit ɗan Kwatano a shago lafiyarsa ƙalau kuma ya haura doki 100, to me zai hana in ɗaura masa farfela kawai? Ko akwai wani mai sauƙi? Sanusi, Farin Gada.

Amsa: Wa alaikumussalam Malam Sanusi, Allah ya sa albarka a sana'a. Gaskiya kar ka ɗaura farfela a bakin karanshaf ɗin Honda kai tsaye, ba zai yi ba. Dokin nan 100 da kake gani injin ba ya ba da su sai ya kai juyi wajen 6,000 a minti, ita kuwa farfela in ta wuce kamar 2,700 bakin fukafukanta na kusantar gudun sauti, sai ihu ba ja. Dole a sa giya mai rage juyi a tsakani, kuma nan ne yawanci masu haɗa jirgi a gida suke shan kashi, don fistin bugu yake yi ɗaya bayan ɗaya, farfela kuma nauyi gare ta tana son juyi sumul, wannan ja-in-jar tana cin haƙoran giya ko ta tsinka bel ba sallama. Ba aikin da za ka ba mai walda ya ƙera maka da ido ba ne.

Sai kuma wahalar aiki. Mota a hanyar Akwanga ɗan kaɗan take ci daga ƙarfin injinta, shi ko jirgi yana tashi da wuta a ƙure, a sama ma kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari yake riƙewa awa da awanni ba hutu. Ga lagireto ga ruwa ga giyar da ka ƙara, kafin ka farga injin ya haura kilo 100, alhali Rotax 912 bai fi kilo 60 da 'yan kai ba da giyarsa a jiki, kuma kamfanin ya ba shi awa 2,000 kafin a sauke shi a yi masa garambawul. Nauyi a hancin jirgi kuwa yana canza ma'aunin jirgin gaba ɗaya, mai zanen da Rotax ya yi lissafinsa.

Ba wai ba a yi ba ne fa. A Amurka kamfanin Viking injin Honda Fit ɗin nan naka yake juyawa ya koma na jirgi, amma da giyarsu da kwamfutarsu da suka sha gwaji. Injin Austro AE300 da ke kan jiragen Diamond irin na makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya asalinsa dizal ɗin Mercedes ne, kuma kananzir ɗin jirgi yake sha, wanda ya fi abgas, wato fetur na musamman na ƙananan jirage, sauƙin samu a ƙasar nan nesa ba kusa ba. Maganar mai ma kaɗai ta isa ta sa ka yi tunani kafin ka ɗauko tsohon injin jirgi na Lycoming ko Continental, da yawansu abgas suke so, shi kuwa Rotax fetur ɗin mota mai kyau ma yana sha, in dai ka tace shi ka tabbatar ba gauraye ba ne, kar ka kuskura da na bumburutu.

In aljihu ne matsalar, duba injin Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975. Iska ke sanyaya shi, ba lagireto, kuma a juyi ƙasa-ƙasa yake aiki shi ya sa ake ɗaura masa farfela ba giya, AeroVee mai doki 80 daga shi aka samo shi. Sai dai a canza masa karanshaf da wurin zaman farfela, a ba shi layin wuta biyu. Akwai Jabiru 2200 na Ostareliya shi ma ba giya, akwai Rotax 582 mai doki 65 mai shan fetur haɗe da baƙin mai, da arha amma awa 300 ne a sauke shi.

To ga abin da ya shafe ka kai ɗan Jos. Filin jirgin Heipang ya haura ƙafa 4,000 daga teku, inji mara tabo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000, wato doki 80 irin na AeroVee tun a ƙasa sun koma wajen 70, da rana tsaka a watan Maris ma ba su kai ba. Mutum biyu da tanki cike a kan wannan, ni dai ban yarda ba. Da ni ne zan haƙura in tara kuɗi in nemi 912 na hannu mai littafin tarihin gyaransa cikakke, in babu littafi a bar shi. Kuma ka je wajen hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama tun jirgin yana shago, kar ka bari sai ka gama.

Tambaya: Injiniya jirgi mai batir fa, ba ya fi sauƙi ba? Maryam, Bukuru.

Amsa: Injin lantarkin kansa da sauƙi Malama Maryam, batirin ne nauyi. Jirgin Velis Electro na kamfanin Pipistrel da Turai ta ba lasisi a 2020 kamar minti 50 yake yi a sama ya sauko caji, ya dace da ɗalibi mai zagaya fili yana koyon sauka da tashi, amma ba zai kai ki Abuja daga Jos ba.