Boba na taurarewa kuma shayin gwaza ba ya yin kala

'Yar uwa, matsalarki biyu ce: ƙwallayen boba (masu danƙon nan da ake zubawa a shayin madara) suna yin tauri bayan kin dafa, kuma shayin gwazanki bai fito da launin shunayyan nan na hoto ba.

Boba garin rogo ne, in kin zuba shi a ruwan da bai tafasa ba narkewa zai yi ya dame, to ki bari ruwan ya tafasa sosai kuma ya zama mai yawa, ki zuba ki juya kar su manne. Duba bayan leda don wasu minti 5 ne, wasu sai 25 sannan a rufe tukunya su huce a ciki. Kina tsamewa ki jiƙa su a narkakken sukari, kar ki sa a firij, sanyi ne ke taurar da su, a ranar ake shanye su.

Gwaza kuma ki fere ki turara kamar minti 20 har ta yi lugub, in ba ta nuna ba tana sa ƙaiƙayin maƙogwaro. Ki niƙa ta a blenda da madara tun da ɗuminta, sai ki haɗa da shayi mai ƙarfi da ya huce da ƙanƙara. Kalarta ta gaskiya toka-toka ce, waccan ta hoto yawanci hoda ce mai kala, ni dai na fi son ɗanɗanon ta gasken.

Ƙananan yara suna iya shaƙewa da boba, a kula. Mai ciwon suga ko tsakuwar ƙoda ya tambayi likita tukunna.