Mulufi: yadi ne, launi ne, ko tsuntsu?

Tambaya: Malam, a adakar marigayi kakanmu a unguwar Birni mun tarar da wani jan ƙyalle mai nauyi. Kakarmu ta ce mulufi ne, ƙanena kuma ya dage cewa mulufi tsuntsu ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Allah ya jiƙan tsoho. Ɗan'uwa, su biyun duka suna da gaskiya, amma ta Hajiya ce ta asali.

Mulufi yadi ne na gashin tumaki. Bayan an saƙa shi, sai a jiƙa a yi ta bugu har gashin ya cuɗe, saƙar ta ɓace wa ido. Shi ya sa yake da kauri da nauyi, kuma in aka yanka shi da almakashi bakinsa ba ya warwarewa. Sunan ya zo ne daga Larabcin Magrib, inda ake ce masa malf, kuma hanyar da sunan ya biyo ita kayan suka biyo: ayarin raƙuma daga Tarabulus, ta Gadamus da Gat da Abzin, su sauke a unguwar Zango ta Damagaram kafin su wuce Kano. Zamanin Sarki Tanimun wannan fatauci ya bunƙasa a Damagaram, ya kuma ja baya bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Kayan fada ne. Da shi ake ɗinka alkyabba, a yi jalalar sirdi da sauran adon doki, irin wanda kake gani a hawan salla. Saboda ja ne ya fi yawa, sai aka riƙa kwatanta duk wani ja mai tsananin kyau da shi. Daga nan tsuntsun ya samu suna, ɗan ƙaramin nan da namijinsa ke rikiɗa ja da baƙi da damina, yana lilo a kan karan gero.

Kada a haɗa shi da gwado ko luru, waɗannan saƙar auduga ce ta gida.

In kana son tabbatarwa, tsinko ɗan gashi daga gefe ka sa masa ashana. Na tumaki yana ƙauri kamar ana babbakar kai, ya bar toka mai murtsukewa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule.

Don Allah kada ku wanke shi da ruwan zafi, zai tsuke. Ku kakkaɓe, ku shanya a inuwa, ku naɗe da busasshen ganyen dogon yaro saboda asu.