Ga 'yar uwar da ta tambayi kuɗin abincin kyanwa na shekara

Wallahi 'yar uwa ina karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, musamman da na zo wajen da kika ce kina so ki sayi babban buhu ɗaya ki huta har shekara ta zagayo. Ni ma haka na yi, kuma da niyyar tattali na yi shi, shi ne ya kusa kashe min muzuruna Auta.

Ba zan ce miki ga adadin kuɗi kaza ba, farashi kullum tafiya yake kuma kowa da inda yake saye. Amma lissafin ba wuya. Babbar kyanwa mai kilo 4 da ke zaman gida tana buƙatar kalori 200 zuwa 250 a rana, idan busasshen abinci ne wajen giram 60 ke nan, ya danganta da kamfani, ki duba bayan ledar suna rubutawa. Giram 60 sau 365 ya kama kusan kilo 22 a shekara, wato leda mai kilo 2 guda 11. Ki ɗauki kuɗin leda ɗaya ki ninka sau 11, shi ke nan. In kuma mai ruwa-ruwan nan ne na ƙaramar leda mai giram 85, uku a rana take ci, ki lissafa ki gani, sama da 1,000 a shekara, nan ne aljihu yake kuka. Ni yanzu haɗawa nake, mai ruwa ɗaya da safe, busasshe giram 40 a sauran yinin.

To bari in ba ki labarin buhun. Mai shagon da nake saye a wajensa, mutumin da na shekara biyu ina ciniki da shi, shi ya ce min Hajiya me zai sa kina wahalar da kanki duk wata, ga mai kilo 15 zan rage miki sosai. Har da cewa don ke ce. Ashe saura wata biyu ya yi ekspaya, kuma ya san haka sarai, don daidai wurin kwanan watan ya manna takardar farashi. Kyanwa ɗaya fa gare ni! Kilo 15 abincin wata takwas ne a gidana, ya sani, don shi yake sayar min da kilo 2 duk wata. Kuma ko da bai kusa ekspaya ba, busasshen abinci da zarar an buɗe shi iska ta shiga, man da ke jikinsa yana fara lalacewa, bayan sati shida haka ƙamshin ya tafi. Mu ba ma ji, su suna ji.

A wata na uku Auta ya fara shinshinawa ya juya baya. Ni kuma da taurin kai na ce iyayi ne, yunwa za ta koya masa hankali, kuɗina ba za su tafi a banza ba. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai in ji kunyar kaina. Ya fi sati yana ɗan tsakura kawai, kuma muzuru ne mai ƙiba. Ran nan da daddare na ɗaga shi na ji ya saki jiki kamar tsumma, na duba cikin kunnensa da dadashinsa sun yi ɗorawa. Ban runtsa ba daren nan, ina zaune a ƙasa da shi a cinyata ina kuka, maigidan yana cewa ki yi haƙuri gari ya waye. Da safe likitan dabbobi ya ce hanta ce, wai kyanwa in ta daina ci kwanaki kaɗan jikinta sai ya kwashi kitse ya tura hanta, hantar ta kasa, kuma masu ƙiba abin ya fi kamawa. Sai da aka sa masa roba ake ɗura masa abinci, makonni muna fama. Abin da na kashe a asibitin ya fi kuɗin abincinsa na shekara guda nesa ba kusa ba.

Da na koma wajen mai shagon kin san me ya ce min? Wai ai ban tambaya ba. Ko sannu babu, ko ya jikin kyanwar. Har yana dariya wai a kan mage nake tayar da jijiyar wuya. Na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna fuskarsa yana kallona yana danna waya sai raina ya ɓaci. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma shi ɗin ma mugu ne.

Don haka duk abin da lissafinki ya ba ki, ki ƙara kwatankwacin kuɗin wata biyu a kai saboda tashin farashi da wanda za ta ƙi ci, sannan ki riƙa ajiye wani abu daban duk wata na ranar ciwo, kar ki taɓa shi. Ki sayi ƙaramin sikeli, awo da ido yana sa a zuba fiye da kima, ga asara ga ƙiba. Kuma don Allah kar wani ya ce miki abincin kare ya fi araha ki ba ta, akwai wani sinadari mai suna taurin (taurine) da kyanwa dole sai ta samu a abinci, rashinsa yana taɓa zuciya da ido. Ragowar girki ma a yi hattara, albasa da tafarnuwa guba ne gare su. Madara kuma yawancin manyansu gudawa take sa su, ni sai da na goge ƙasa sau uku kafin in yarda.

Au, ba ki faɗa ba mace ce ko namiji. In mace ce kuma ba a yi mata aikin hana haihuwa ba to lissafin nan duk ya rushe, in ta ɗauki ciki wata biyu ne kawai ta haihu, mai shayarwa kuma tana cin ninki biyu ko uku, ga 'ya'ya huɗu ko biyar sun buɗe baki. Wadda aka yi wa aikin cinta ya kamata a rage, in ba haka ba ta yi teɓa. In za ki canza mata abinci kuma a hankali, ki riƙa gaurayawa da tsohon har kwana 7 zuwa 10.

Auta dai ya warke Alhamdulillah, yanzu haka yana kwance a kan kayan da na goge. Ki turo min kilonta da watanninta da irin abincin da kike ba ta, sai mu yi lissafin tare.