Amsa ga 'yar'uwar da gashinta ke zuba wata 4 bayan tiyatar rage tumbi

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, sau biyu na karanta tambayarki: wata 4 da yi miki aiki, gashi na zuba, tuwo ba ya zama, kin koma rayuwa a kan kunu da shayi, ga dangi sun fara ƙus-ƙus wai wani ciwo kike ɓoyewa. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Duk wanda aka yanke wa tumbi a cikinmu ya san wannan watan.

Ni ba gashin ne ya tayar min da hankali ba, aman ne. Ba ki faɗa mana sau nawa kike yi ba. In kullum ne, ko kuma har ruwa ba ya zama, ki tafi asibiti yau. Bitamin B1 da jiki ke ajiyewa makonni biyu zuwa uku ne ya ƙare, kuma ƙarewarsa na taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: jiri, gani bibbiyu, ƙafa ta riƙa mutuwa, mutum ya ruɗe. Ki faɗa wa likita da bakinki an yi miki tiyatar tumbi, a ba ki B1 kafin a ɗaura miki ruwa mai suga, don sugan na ƙara cinye ɗan abin da ya rage. Wani lokaci kuma hanyar ce ta tsuke, sai an zura kyamara ta baki a gani.

In kuwa sai kin ci tuwo ne kawai yake dawowa, to yadda kike ci ne. An cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbinki, abin da ya rage bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Tuwon shinkafar nan tamu ta Kebbi dunƙulewa yake yi, haka burodi, haka busasshen nama irin kilishi. Mun saba mu yanko loma mu dangwali miya mu haɗiye ba tauna, to wannan ya ƙare. Loma kamar kan ɗan yatsa, ki tauna har ta zama ruwa a baki, ki ajiye hannu, ki ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan ɗan abin da ke gabanki. Kada ki kora da ruwa. Rabin awa kafin ci da rabin awa bayansa babu sha. Ƙoshi ma ya sauya kama: shaƙuwa ce, ko gyatsa, ko hanci ya fara yoyo. Loma ɗaya bayan wannan ita ce ke tsayawa a ƙahon zuci kamar an cusa dutse, yawu mai kumfa ya cika baki, ba ta wuce ba, ba ta dawo ba. Kuma wallahi ba ta tashi yi wa mutum haka sai a gidan biki, mata sun zagaye faranti, ana ta "ci mana, ko raina abincinmu kika yi?" Ki tashi da hannu a baki kina neman bayan gida, kafin ki dawo an gama yanke miki hukunci. Mutanen da jiya suke ce miki buhun gero, suna ƙyafta ido in za ki hau babur, su ne yau masu cewa kanjamau ce ko sammu. Wata ma har da riƙe miki hannu tana tausayi, alhali labari ta zo ɗauka. Ba wanda ke bin ki bayani. "Likita ne ya tsara min ci" ya ishe su.

Bayan masu ƙus-ƙus, haushina na biyu masu yin tiyatar ne da ke sallamar mutum da takardar abinci cike da kayan da ko a Abuja sai an sha nema, daga nan kuma waya ta daina shiga.

Kunu da shayi suna wucewa ba wahala, shi ya sa kika maƙale musu, amma ba sa gina jiki, ga suga. Kina buƙatar furotin giram 60 zuwa 80 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kin ga da sauran aiki. Ki fara da shi a kowane ci kafin komai: dafaffen kifi mai laushi, tunda Allah ya hore mana shi daga Argungu har Yauri, alala, awara dafaffiya ba soyayya ba, kindirmo ba suga, kaza a cikin romo. In wuri ya rage sai ganye, tuwo shi ne na ƙarshe. Lemon kwalba mai gas ki manta da shi.

Gashi kan zuba ne tsakanin wata na 3 da na 6 saboda saurin ramewa, yawanci kuma yana dawowa da kansa, ba man shafawa ne ke tsayar da shi ba. Ki sassauta kitso. Ki je a auna miki jini: sinadarin ƙarfe, bitamin B12, bitamin D da zinc. Kina shan ƙwayoyin bitamin ɗinki kuwa? Na har abada ne fa. Ki raba maganin ƙarin jini da kalsiyam da awa 2, kuma kada ki sha na ƙarin jinin da shayi, yana hana shi shiga jiki.

Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, kurɓi-kurɓi daga safe har dare, musamman da zafin bazarar Birnin Kebbi. In fitsari ya yi ja, kin gaza. Ibuprofen da diclofenac na kemis suna huda tumbi da gyambo, ki tsaya a kan paracetamol. Ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin maiƙo, a duba matsarmama, tsakuwa kan fito wa masu saurin ramewa.

Ban sani ba ko kina da aure, amma ramewa na dawo da haihuwa ba zato, kuma ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Azumin bana ma ki zauna da likitanki da malami kafin ki ɗauka. Ki dawo ki gaya mana sau nawa kike amai a mako, da sunan bitamin ɗin da ke hannunki.