Za a faɗaɗa wurin hutu a gefen kogi: yaya ake gane ko zai cutar da halittun ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a wani ƙauye a Ingila, kusa da wani kogi da doka ta keɓe saboda kifin salmon da karen ruwa. Akwai wurin hutu a gefenmu mai gidajen tafi-da-gidanka 120, yanzu masu wurin sun nemi izinin ƙara 80, kowane da bahon wanka na ruwan zafi. Rahotonsu ya ce filin makiyaya ce kawai, mita 300 daga kogi, don haka babu wata illa. An ba mu kwana 21 mu faɗi ra'ayinmu. Yaya masana ke auna irin wannan, kuma me zan duba a rahoton?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mita 300 ɗin nan da suka jingina da ita ita ce mafi raunin hujjarsu. Kogi ba ya tsayawa a gaɓarsa. Duk kwata, duk rafi, duk bututun da ke zuba a cikinsa, har da ruwan da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, jikinsa ne. Mai bincike na ƙwarai ba ya fara da awon tazara, yana fara ne da tambayar ta wace hanya abin da ke faruwa a filin zai isa ruwa. In akwai hanya, ko kilomita 10 ne a tsakani sai an bi ta. In babu, kusanci kaɗai ba laifi ba ne.

Dokar tana bayanka a wannan. Asalinta umarnin Tarayyar Turai na 1992 kan kare mazaunin halittu, kuma a Ingila da Wales tana aiki ta ƙa'idojin 2017, waɗanda suka ci gaba bayan ficewar Birtaniya daga tarayyar. Da farko ana tacewa: shin akwai yiwuwar illa mai nauyi, ko daga wannan aiki shi kaɗai ko in an haɗa shi da wasu? In akwai, dole majalisar yankin ta yi cikakken bincike, ta nemi shawarar Natural England, hukumar kula da muhallin halittu a Ingila, kuma ba za ta ba da izini ba sai ta tabbatar cewa aikin ba zai taɓa lafiyar wurin da aka keɓe ba. Kotun Tarayyar Turai ta fayyace ma'anar wannan tabbaci a 2004, a shari'ar kamun halittun ruwa a tekun Wadden na ƙasar Holan: kada a bar wani shakku mai tushe a kimiyyance. Ka lura da inda nauyin hujja ya faɗa. Ba kai za ka nuna cewa kifi zai mutu ba, su ne za su nuna cewa ba zai mutu ba.

Akwai hukunci na biyu da zai yi maka amfani. A 2018, a shari'ar People Over Wind, wadda ta taso daga shimfiɗa wayar lantarki kusa da kogin Nore a Ireland, kotun ta ce ba a lissafa matakan rage illa a matakin tacewa. Don haka idan rahoton ya ce babu buƙatar cikakken bincike saboda za a kafa shingen tare laka ko a rage fitilu, to da bakinsu sun amsa cewa akwai illa, kuma binciken ya wajaba.

Yanzu ga inda nake so ka zuba mafi yawan ƙarfinka, wato ruwan ƙazanta. A nan ne irin waɗannan ayyuka suka fi faɗuwa, kuma a nan rahotanni suka fi yin sauri su wuce.

Mu yi lissafi na misali. Gidaje 80, mutum 4 a kowane, lita 120 ga kowane mutum a rana, ya ba da lita 38,400 a yini idan wurin ya cika. A ce bayan tacewa kowace lita tana ɗauke da miligiram 8 na sinadarin fosfaras, wanda ba abin mamaki ba ne ga matatar da ba a gina ta don cire shi ba. A irin waɗannan koguna, ma'aunin da ake so yakan kasance miligiram 0.05 a lita ko ƙasa da haka. Ke nan kowace lita ɗaya da ta fito daga wurin hutun tana buƙatar kamar lita 160 na ruwan da babu fosfaras ko ɗigo kafin ta sauko ga ma'auni. Kogin kuwa ba shi da irin wannan ruwa, domin gonaki da gidajen kaji da matatun garuruwan da ke sama sun riga sun zuba nasu.

Fosfaras taki ne. Idan ya yi yawa, gansakuka tana bunƙasa ta lulluɓe tsakuwa da ciyayin ƙarƙashin ruwa. Da rana tana fitar da iskar oksijin, da dare tana shanye ta, in ta mutu kuma ruɓewarta ta ƙara cinye saura. Shi ya sa awon da aka ɗauka da azahar zai iya nuna kogi lafiya lau, alhali da asuba kifi na haki. Ga kuma zafi: ruwa mai maki 10 a ma'aunin Salshiyos yana riƙe oksijin kamar miligiram 11 a lita, a maki 25 kuwa bai fi 8 da 'yan kai ba.

A nan wurin hutu ya bambanta da rukunin gidajen zama. Mazauna gari suna zuba ƙazantarsu kusan daidai duk shekara. Masu hutu suna yin dafifi ne a Yuli da Agusta, daidai lokacin da kogi ya fi ja da baya, ruwa ya fi ɗumi, gansakuka ta fi samun rana. Rahoton da ya raba baƙi a kan wata 12 ya fitar da matsakaici zai yi kyau a takarda, amma kifi ba ya rayuwa a matsakaici. Mako biyu na tsakiyar Agusta sun isa su kashe shi. Nemi wurin da suka gwada cikar wurin da mafi ƙarancin gudun ruwa. In ba su yi ba, ka samu abin rubutawa. Ka kuma duba ko suna neman a bar su su buɗe duk shekara, domin sau da yawa wannan buƙata tana zuwa a layi ɗaya can ƙasa, alhali tana sauya lissafin gaba ɗaya.

Wannan batu ya riga ya tsayar da gine-gine da yawa. Bayan hukuncin kotun Turai na Nuwamban 2018 kan naitirojin a Holan, an fahimci cewa wurin da ya riga ya gaza ma'auni ba a ƙara masa ko kaɗan. A 2019 ba da izinin sababbin gidaje ya tsaya cik a yankin kogin Lugg da ke Herefordshire. A Janairun 2021 hukumar albarkatun ƙasa ta Wales ta bayyana cewa sama da kashi 60 cikin 100 na sassan kogunanta da aka keɓe sun gaza ma'aunin fosfaras. A Maris 2022 kuma shawarar Natural England ta kai ga hukumomin tsara gari 74. Ƙa'idar ita ce duk aikin da zai ƙara masu kwana, har da masu yawon buɗe ido, sai ya nuna cewa abin da zai ƙara bai wuce abin da zai cire ba, kuma ana ɗora kashi 20 cikin 100 a kan lissafin don kandagarki. Tambayi majalisarku ko koginku yana cikin waɗannan yankuna.

Bahon ruwan zafi kuwa, mutane na mantawa da shi. A wuraren haya ana yawan zubar da ruwansa tsakanin baƙo da baƙo, ruwa ne mai ɗumi mai kulorin ko buromin. In an juye shi a kwata ya tafi rafi kai tsaye, in an tura shi ƙaramar matata a lokaci guda zai iya dagula ƙwayoyin halittar da ke yin aikin tacewar. Baho 80 a ranar canjin baƙi ba ƙaramin ruwa ba ne. Ina za shi?

Sai laka, wadda ta fi tsanani a lokacin gini. Macen salmon tana haƙa gurbi da jelarta a cikin tsakuwa tsakanin Nuwamba da Janairu, ta zuba ƙwai ta rufe. Ƙwan yana shaƙar oksijin daga ruwan da ke ratsa tsakanin duwatsun. Ruwan sama ɗaya a kan filin da aka kankare zai iya kwaso lakar da za ta toshe waɗannan 'yan kafofi kamar siminti, ƙwai su mutu babu wanda ya gani, sai bayan shekaru a lura kifi bai dawo ba. Idan kogin yana da halittar nan mai ɓawo biyu da ake samun lu'ulu'u a cikinta, abin ya fi muni. Tana iya wuce shekara 100, 'ya'yanta suna fara rayuwa maƙale a gaɓoɓin numfashin ƙananan salmon ko danginsa, sannan su shafe kamar shekara 5 binne cikin tsakuwa. Za ka iya samun kogi cike da tsofaffi alhali an daɗe ba a samu sabon zubi ba, kuma mai ƙidaya da bai duba shekarunsu ba zai ce komai daidai.

Karen ruwa ya fi sauƙin magana. Ya kusa ƙarewa a Ingila daga shekarun 1950 saboda magungunan ƙwari irin su dieldrin, ya kuma dawo duk gundumomin ƙasar zuwa 2011. Namiji ɗaya yana iya mallakar kilomita 20 ko fiye na kogi, yana bin ƙananan rafuka da shingayen itatuwa. Rashin ganin raminsa a filin bai wanke kowa ba. Abin dubawa shi ne kashinsa a kan duwatsu da ƙarƙashin gada, da sabuwar hanyar mota da za ta ratsa rafi, domin idan ruwa ya cika kwalbati yakan hau titi, kuma mota na cikin manyan masu kashe shi.

Baƙin su kansu wata hanya ce. Mutum 300 ba za su zauna mita 300 daga kogi su ƙi zuwa gare shi ba, don shi suka biya kuɗi. Za su buɗe hanyar ƙafa, su tattake gaɓa, su zo da karnuka. Binciken jami'ar Sussex da aka fitar a 2020 kan koguna 20 na Ingila ya samu fipronil, maganin ƙumar karnuka da kyanwoyi, a kusan duk samfuran ruwan, kuma guba ne ga ƙwarin da kifi ke ci. Kwale-kwale da takalman roba masu jiƙa suna ɗauko annobar da jatan landen Amurka ya shigo da ita tun shekarun 1970, wadda ke share jatan landen asalin ƙasar daga kogi cikin makonni. Fitilun dare suna hana wasu jemagu kiwo a saman ruwa, suna kuma rikita ƙananan salmon da ke gangarawa teku da dare a bazara.

Duba kwanan watan binciken. Jemage ana binsa daga Mayu zuwa Satumba, jatan lande daga Yuli zuwa kusan Oktoba. Wanda ya zaga fili yini ɗaya a Fabrairu ya rubuta cewa bai ga komai ba, gaskiya ya faɗa, amma ba ta da amfani. Duba kuma ko sun haɗa lissafinsu da sauran ayyukan da aka amince da su ko ake jira a wannan kwari. Wuraren hutu sun saba girma kaɗan-kaɗan, 20 bana, 30 baɗi, kowane ƙari ƙarami ne a idon mai dubawa. Doka ta ce a tara su.

Ba na cewa faɗaɗawar ba za ta yiwu ba. Wani lokaci ma takan gyara abin da ke akwai: a cire tsofaffin ramukan sokawe a sa matata mai cire fosfaras, a gina dausayi da ruwa zai ratsa kafin ya kai rafi, a janye dabbobi da taki daga wani fili a bar shi ya koma daji, a haɗa baƙi a mashiga ɗaya mai dakali. Amma a ganina a nan ake yawan yaudarar kai. Dausayi yana cika da laka, yana buƙatar yasa. Matata tana buƙatar sinadari da mai kula. Kalmar "za mu yi ƙoƙari" ba ta cika sharaɗin tabbaci ba. Matakin da za a lissafa dole ya kasance an san yana aiki, an ɗaure shi da sharaɗin izini ko yarjejeniyar doka, yana nan kafin baƙon farko ya kwana, kuma zai daɗe muddin gidajen suna nan. Kada ka rikita wannan da ƙa'idar ƙarin kashi 10 cikin 100 na halittu da ta fara aiki a Ingila a Fabrairun 2024. Dasa itatuwa a bayan fili zai iya cika waccan, amma ba ya goge giram ɗaya na fosfaras daga kogi.

Idan binciken ya kasa kawar da shakku, ƙofa ɗaya ce ta rage: a nuna babu wani zaɓi, akwai babbar maslahar jama'a da ta rinjaya, kuma za a biya diyyar mazaunin halittun da aka ɓata. Da wuya ƙarin gidajen hutu ya shiga ta nan.

A wasiƙarka, bar maganar kyawun wuri da son dabbobi, jami'in tsara gari ba zai iya yin komai da ita ba. Rubuta lambar takardar neman izinin, ka ambaci halittun da aka keɓe kogin dominsu kamar yadda suke a takardar keɓewar, sannan ka yi tambayoyi masu neman lamba: lita nawa a ranar cika, fosfaras nawa a lita, a wane wuri bututun zai zuba, wa zai ɗauki awo kuma sau nawa. In akwai kwatar da ta tashi daga filin ta faɗa rafi, ɗauki hotonta bayan ruwan sama, ka sa alamarta a taswira ka haɗa da wasiƙar. Sau da yawa irin wannan kwata ba ta cikin zanen da aka miƙa wa majalisa, kuma mazauna wurin ne kaɗai suka san da ita.