Yakuwa, Sure ko Zoɓo: Wanne ne Sunan Gaskiya?

Wata ɗalibar ilimin tsirrai daga Zariya ta ce: "Malam, an koya mana cewa sunan zoɓo na ainihi shi ne *Hibiscus sabdariffa*. Ke nan yakuwa da sure sunayen gargajiya ne kawai, ba su da tushe?"

'Yata, kada ki bari a raba ki da abin gidanku. Sunan Latin da aka koya miki sunan yarjejeniya ne. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya daidaita tsarin a 1753: kalma ta farko sunan dangi, ta biyu sunan tsiron kansa. Amfaninsa shi ne idan Basudane ya ce karkade, Basanigale ya ce bisab, mutumin Gana ya ce sobolo, duk su gane abu guda suke nufi. Wannan aiki ne babba, ba na raina shi.

Amma dubi abin da Bahaushe ya yi da tsiron nan. Shuka da ganyenta mai tsami, wanda ake sa wa fate da miya, yakuwa ke nan, Sakkwatawa su ce sure. Jan kokon da ke rungume da 'ya'yan bayan fure ya kaɗe, wanda ake shanyawa a tabarma har ya bushe, shi ne zoɓorodo, aka gajarta shi zoɓo. Ƙwayar cikin kuwa gurguzu, da ita ake daddawar batso. Latin ya ba shi suna ɗaya, mu muka bi shi gaɓa-gaɓa, domin mu ne masu cinsa. Kuma rama 'yar ɗakinsu ce, *Hibiscus cannabinus*. Duk wanda ya kalli furensu a gona zai ga kama.

Wani malamin makaranta daga Maraɗi ya tambaya ko gaskiya ne sunan wani Bature aka sa wa ɗorawa.

Gaskiya ne, Malam. *Parkia biglobosa* daga sunan Mungo Park ne, wanda ya ga kogin Kwara a 1796, ya mutu a Busa a tafiyarsa ta biyu. Haka kuka, *Adansonia digitata*, daga Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Sanigal. Abin yana ci mini rai kaɗan, domin kafin a haifi kakanninsu mata na dafa kalwa, magina na shafe katanga da makuba. Ku koya wa yara sunan Latin saboda jarrabawa, amma a rubuta na Hausa a gefensa.

Wata uwar gida daga Katsina tana son ma'anar "Albasa ba ta yi halin ruwa ba."

Hajiya, kalmar albasa ararriya ce daga Larabci, *al-basal*, masana kuma su ce *Allium cepa*. Ruwa ne ya raine ta a fadama, ga shi da sanyi, ba wari ba yaji, ita kuwa ta fito tana sa mai yanka ta hawaye. Ana faɗin karin maganar ne idan ɗa ya bar kyakkyawan halin iyayensa. Kishiyarta ita ce "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Sai dai a kula: ba a faɗin ta albasar a kan ɗan da ya fi ubansa kirki, zargi ce, kuma galibi a bayan idon iyayen ake furta ta.